Barkonon Baɗi

Jiya na ga tsiron barkono a gindin randa, inda muke wanke turmi, sai na tuna kakata.

A bayan ɗakinta a Kibiya tana da kunya uku na wani ɗan ƙaramin barkono mai ƙamshi, wanda ta zo da irinsa daga Fammar a bakin zane. Duk damina takan zaɓi gindin da ya fi kyau ta ɗaura masa jan tsumma. Kowa ya kai hannu sai ta ce, "Wannan ba na miya ba ne, na baɗi ne." In ya bushe ta ƙulle shi da tsumman, ta rataye a madafi inda hayaƙi ke korar ƙwari.

Na taɓa kawo mata irin leda daga kasuwar Rano. Ta juya shi, ta shinshina.

"Wa ya san uwarsa?"

"Iya, ya fi naki 'ya'ya."

"To, ki shuka a gidanki."

Ranar sadakar ukunta yaji ya ƙare, baƙi na ta shigowa. Na ga ƙulli a rataye, na sauke na daka. Sai da mata suka fara atishawa, wata ta ce wannan ƙamshin na Iya ne, sannan na lura da jan tsumman a hannuna. Aka ci, aka yaba, aka watse, muka wanke turmin a gindin randar nan.

Ban sani ba ko tsiron nan nata ne. Na dai kewaye shi da ƙaya, na ɗaura masa tsumma.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa wannan ya kai baɗi.