Rigar fata a kan wayoyi

Daminar da ciwo ya share kaji da zabbi a rugagen Gidan Sori, wata dattijuwar Bafillatana da muke sayen nono wurinta ta kawo mini ƙwai cikin ƙwarya, ta shimfiɗa musu ƙaiƙayi. Zabbinta sun mutu kaf, babu ko kazar da za ta kwanta a kansu. Irin nan tun na uwarta ne.

"Ɗana, an ce akwatinka na ƙyanƙyasa," in ji ta. "Su ke nan gare ni." Na karɓa, na jera su a akwatin.

Ni na haɗa akwatin da hannuna bayan na baro lakol, wato makaranta. A cikinsa akwai ɗan moto, wani ƙaramin inji mai tafiya taku-taku, shi ke karkata faifan ƙwai a hankali, kamar yadda kaza ke juya su. Siririyar waya ke kai masa umarni, masu kauri kuma su kai masa kuran, wato wutar lantarki, daga batir. Na ware su nesa da juna da gangan.

Kawuna baduku ne, kuma ba ya iya ganin abu tsirara. Ko buta ya gani sai ya yi mata riga. Ranar da na tafi kasuwar Cadawa ya ga kashin ɓera a ɗakin da akwatin yake, sai ya tattara wayoyin duka ya ɗinke su cikin jar fata, har da ado. Da na dawo akwatin na aiki, ban duba bayansa ba.

Bayan kwanaki, da tsakar rana, na ji ƙas! Faifan ya zabura shi kaɗai, ƙwai suka bugi juna, ya koma ya tsaya kamar bai yi komai ba. Na zauna ina kallo. Can ya sake, ba tare da an umarce shi ba. Matata ta leƙo ta ce a nemo malami, ɗakin ba lafiya.

Da na ja akwatin na ga fatar, raina ya ɓaci. Duk sanda moton ya ja kuran, hayaniyar manyan wayoyin na tsallakawa cikin siririyar da ke manne da su, ɗan allon lantarkin da ke tuƙa moton ya ɗauka umarni ne, ya yi ta ƙirga takun da ba a ba shi ba. Na sa reza na farke ɗinkin a gaban Kawu.

"Mi na ɓata, ɗan nan? Ɓera na tare maka," in ji shi.

Na raba wayoyin, na aika Maradi aka kawo mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu, wanda ke miƙa umarni da haske, yadda kuran ɗin moto ba shi da hanyar bi. Faifan ya natsu. Amma ban san sau nawa ya zabura kafin in ji ba, kuma ɓawon ƙwan zabo kauri gare shi, ba ya nuna abin da ke ciki. Tsoro bai bar ni ba.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo, ya wuce. Akwatin shiru.

Dattijuwar ta iso da kwando, ta sa tsumma a ciki saboda ƴan tsaki. Kawu na zaune bakin ƙofa, kansa ƙasa. Ta riƙa ɗaukar ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana kai wa kunne, tana ajiyewa. Da ta gama sai ta cire tsumman, ta ninke shi.

"Ba ni ƙwaryata, ɗana," in ji ta. "Hanya da nisa."