Ranar da Agogon Saba Ya Yi Gaba da Rabin Awa

Ƙarfe uku saura kwata na rana, ranar wata Talata, mu huɗu ne a ɗakin kwamfuta na wani ƙaramin asibiti a Shahuci: ni, da babbar nas, da Alhajin da ke kula da harkokin asibitin, da wata mata da ta kawo mahaifinta. Wannan yini ba zai taɓa fita daga raina ba.

Lokacin shekarun tashin bama-bamai ne a Kano. An sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na yamma, ko'ina shingen sojoji. Ni ne mai kula da kwamfutocin asibitin. Karatuna bai yi zurfi ba, amma ina da ƙa'ida guda: komai bi da bi nake yin sa. Akwai babbar kwamfuta da muke kira saba, a cikinta ake ajiye fayil ɗin kowane majinyaci. Sauran kwamfutocin daga gare ta suke ɗauka, shi ma likita yana iya shiga cikinta daga gidansa ta intanet.

A ranar matar nan ta kawo mahaifinta, wani dattijo daga Soron Ɗinki, numfashi yana yi masa wuya. An ɗauki hoton ƙirjinsa, amma likita yana can bayan gari, an rufe hanyar da zai biyo. Ya ce sai ya ga sabon hoton da idonsa, ya gwada shi da na bara, sannan zai san ko a riƙe dattijon a nan ko a wuce da shi babban asibiti kafin shida. Wayoyinmu na wancan lokaci ba sa ɗaukar hoton da likita zai dogara da shi. Sai ga shi saba ta ƙi kowa. Kwamfutar ɗakin hoto ta kasa ajiye komai a foldar da ake rabawa, likita kuma duk sanda ya sa kalmar sirrinsa sai a koro shi.

Nas ta ce in kashe komai in sake kunnawa. Na ce mata ba haka nake aiki ba. Na fara da wuta, akwai. Na biyu, kebul: na bi su ɗaya bayan ɗaya, fitilunsu duk suna ƙiftawa. Na uku, na tura wa saba saƙon gwaji daga kwamfutar ɗakin hoto, ta amsa nan take, wato hanya lafiya lau. Na huɗu, na duba izinin foldar, sunan kowa yana nan yadda na bar shi. Na biyar, na sauya wa likita kalmar sirri, na karanta masa ta waya. Ya gwada, aka sake koro shi.

Na shida a jerina shi ne agogo, domin saba tana gwada lokacinta da na duk kwamfutar da ke neman shiga, in tazarar ta wuce minti biyar ba ta yarda. Na dubi agogon saba, na ɗaga kai na dubi na bango, daidai suke. Na wuce. A nan na yi kuskure, kuma har yau ba na ɗora shi a kan kowa.

'Yar dattijon ta matso bakin ƙofa, ta ce, "Malam, in abin ba zai yiwu ba ka faɗa mini, in nemi mota tun da sauran rana." Na ce ta ba ni minti goma. Gaskiya a lokacin jerina ya ƙare.

Ana cikin haka aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Agogon bango ya nuna huɗu da kwata. Na san ladanin nan shekara da shekaru, bai taɓa kaiwa huɗu bai kira ba. Na ciro wayata, na ga huɗu saura kwata.

Na juya na ce, "Alhaji, wa ya taɓa agogon nan?"

Ya ce shi ne, da safe. Jiya sojoji sun tsare wata nas a Ƙofar Mazugal don ta makara, shi ya sa ya bi agogunan asibitin duka ya tura su gaba da rabin awa, don kowa ya tashi da wuri. Ya ƙara da cewa, "Har uwar kwamfutocin ban bari ba. Ba kai ka ba ni lambar sirrinta a ambulan ba, ka ce ko da ta-kwana?"

Nas ta ce, "To ai ga ta-kwanar ka kawo mana, Alhaji."

Na mayar da agogon saba daidai, na sa aka sake shiga. Hoton ya shige folda. Ba a yi minti biyar ba likita ya kira, ya ce ruwa ne ya taru a huhun dattijon, a tafi da shi yanzu. Suka tashi huɗu da 'yan mintuna, suka wuce shingaye uku, suka isa kafin a rufe gari. Bayan kwana tara aka sallame shi.

Ban ga laifin Alhaji ba, tsoron halin da ake ciki ne ya sa shi. Nawa laifin shi ne na gwada agogo da agogon da ke ɗaki ɗaya da shi, alhali hannu ɗaya ne ya taɓa su. Bin jeri bai isa ba sai abin da kake gwadawa da shi ya zama mai gaskiya.

Kai da ke kula da saba, ina roƙonka: ranar da ta ƙi mutanenta kuma kebul da izini duk lafiya, ka duba lokacinta, kuma ka gwada shi da agogon da ba na ginin ba.