Fiƙar Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Haɗeja, fiƙarsa ya fara sani kafin sunansa. Ita kaɗai ta rage masa a sama, doguwa, goro ya rine ta ja wur. Da ita yake tsinke zaren komar kamun kifi. In kuwa an shanya shinkafa, sai ya ɗora ƙwaya ɗaya a ƙarƙashinta: ta ce ƙas, a zuba a buhu; ba ta ce ba, a mayar rana. Har daga Guri ake ƙullo masa shinkafa a bakin zani.

Da ta fara ciwo, kuncinsa ya haye, ni na goya shi a babur zuwa asibiti. Likita ya leƙa ya ce sai dai a cire.

"Kai ka shuka ta?" in ji Kawu.

"A'a, Baba."

"To ba kai za ka girbe ba."

Ya gyara hularsa, muka dawo gida ya cusa kanumfari.

Matarsa, Inna Hansai, ta ce ya koma kamar tsohuwar kura. Ya ce, "Ke da bakinki yake cike da haƙora, me kika tsinana da su ban da gulma?"

Ƙarshenta a kan bandar tarwaɗa fiƙar ta fita. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannu. "Tarwaɗa fa. Ko ƙashin giwan ruwa ne, da na san abin da zan gaya wa mutane."

Kun san abin da ake faɗa wa yara, wai in ƙadangare ya ga giɓi, haƙori ba zai sake fitowa ba. To Kawu, da furfurarsa, da ya hango ƙadangare a katanga sai ya toshe baki da hannun riga.

"Haba Kawu, a shekarun nan naka?"

"Wanda ya ba ni sau biyu, na uku ne zai gagare shi?"

Da kaka ta zo aka kawo shinkafa kamar kullum. Ya jujjuya ƙwayar, na ga idonsa ya kawo ruwa, sai ya miƙo min. "Ciza, ni in saurara."

Na ciza. Ya karkata kunne ya ce, "A mayar rana."

Bai ga wata kakar ba. Bana na ciji shinkafa a masussuka, na tsaya ina jiran a ce min wani abu.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya cika masa giɓinsa a Aljanna.