Yaya Bukar ya ce gem ɗin ya yi nauyi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Bukar ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye wajen mai shayi. Ɗanlami mai shagon gem ne ya kira. Har na buɗe baki zan tsokane shi cewa yau ba Asabar ba ce, sai ya riga ni. Ya ce, "Sani, Allah ya yi wa Koci rasuwa."

Ban san yadda aka yi na dawo gida ba.

Jiya da hantsi ya faɗi a gaban allo, a makarantar da yake koyar da lissafi a Gadau. Aka kawo shi asibiti nan Azare, bai ƙara magana ba. Ɗazu muka dawo daga kai shi, har yanzu akwai ƙasar maƙabarta a takalmina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Bukar ba yayana ba ne na jini. Iyayensa mutanen Yobe ne, amma nan Azare aka haife shi. A shagon Ɗanlami muka haɗu, inda muke buga gem ɗin ƙwallo duk Asabar bayan la'asar. Mu muka sa masa Koci, saboda bai taɓa kallon wasa ya yi shiru ba.

Ranar da na fara shiga shagon ko riƙe pad, abin da ake dannawa a buga gem ɗin, ban iya ba, aka yi ta yi mini dariya. Shi ne ya matsa mini a benci ya ce, "Zauna, ƙanena. Duk cikinsu babu wanda aka haifa da shi a hannu."

Akwai wani tsohon pad a shagon mai ja hagu, kowa gudunsa yake. Koci ya kafa doka: wanda ya fi iyawa shi zai riƙe shi. Haka ya shekara yana riƙe da mataccen pad ɗin nan, kuma yana lallasa mu da shi.

In aka kira salla ko ana bugun fanareti ne sai ya tsayar da wasa. Ka yi ta ƙorafinka, shi ya riga ya kama hanyar famfo zai yi alwala.

Kuma Allah ya yi shi da ra'ayi. Duk shekara in sabon gem ya fito sai ya zauna ya feɗe shi har wutsiya. Ya ce bana an ba masu gudu ƙarfi da yawa, gudu kuma ba ƙwallo ba ne. Ya ce golan bana kamar an ɗaure masa ƙafa. Ya hana kowa ɗaukar manyan kulob in zai kara da sabon shiga. Muna musu da shi, amma a ƙasan rai mun san ya fi mu gani.

Akwai maganarsa da kowa a shagon ya haddace: "Gem mai kyau shi ne wanda in an ci ka, ka san laifinka ne."

To ga abin da ya hana ni zama.

Kamar wata guda da ya wuce kamfani ya yi wa gem ɗin afdet, wato sabuntawa, aka ɗan sassauya yadda 'yan wasa suke motsi. A satin ne Koci ya fara cewa gem ɗin ya yi nauyi. Ya ce yana danna fasin, sai ɗan wasan ya makara. Ya ce shot, wato bugun raga, ba ya fita yadda yake so.

Ai kuwa guruf ɗinmu na hira a waya ya kama da wuta. Wasu suka ce gaskiyar Koci ne, an lalata gem. Wasu suka ce ƙalau yake, har ya fi na da. Aka ce talabijin ɗin ce, Ɗanlami ya sauya wayar da ke haɗa ta da gem. Aka ce pad ne, ya sayo sabo. Wani ya ce ƙarancin wuta ne daga janareta. Mun yi sati uku muna wannan muhawarar, kowa ya zama injiniya.

Ni ne kan gaba a masu cewa gem lafiyarsa lau. Kuma ina da dalili, domin a karon farko a rayuwata na fara cin Koci.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe. Na ba shi sabon pad da hannuna, ni na ɗauki mai ja hagu, don kada ya samu abin fakewa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na zura masa uku.

Ya kalli allon ya ce, "Wallahi Sani ina dannawa. Sai yaron ya tsaya kamar yana shawara da wani."

Na ce, "Yaya, tsufa ne kawai. Ka bar wa yara."

Ana cikin zagaye na biyu pad ɗin ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Shago ya ɗauki ihu, wai Koci ya yi fushi ya yi jifa da pad. Mutumin da bai taɓa ko buga benci ba. Ya sunkuya ya ɗauka da hagu, yana murmushi.

Huɗu da nema aka tashi.

Da zai tafi ya miƙo mini hannu. Sai na ga ya tallafo hannun damansa da na hagu, yadda ake yi in za a gaisa da babba. Na miƙe ina buga ƙirji na ce, "Jama'a ku shaida, yau Koci da kansa ya gaishe ni da hannu biyu!" Kowa ya yi dariya, har da shi.

Ba girmamawa ba ce. Hannun ne ya kasa ɗaguwa shi kaɗai.

Ɗazu a wajen zaman makoki ƙaninsa Modu yake gaya mana abin da likita ya ce. Hawan jini ne, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Likitan ya tambaye su ko kwanakin nan bai yi kukan nauyin hannu ko ƙafa ba, domin wani lokaci jiki yana ba da alama kafin babban ya zo. Modu ya ce a gida bai faɗa wa kowa ba. Matarsa dai ta lura ya koma shan shayi da hagu, ta yi magana, ya ce kwanciya ya yi a kan hannun.

Ni da Ɗanlami muka kalli juna.

Mu ya faɗa wa. Sati uku yana faɗa mana, da yaren da mu kaɗai muke ji. Ya ce yana dannawa abu yana makara. Muka sauya waya, muka sauya pad, muka zagi kamfani. Duk cikinmu ba a samu mutum ɗaya da ya kalli hannun da yake dannawar ba.

Da muka fito waje Ɗanlami ya ja ni gefe yana share ido. Ya ce ran Litinin Koci ya biyo shagon shi kaɗai bayan an tashi daga makaranta, ya ce a taya shi sauya saiti, a mayar masa da fasin da shot madannan ɓangaren hagu. Ɗanlami ya ce masa, "Koci, sabuwar dabara ce?" Ya ce, "Ina so in ga ko ni ne, ko gem ɗin."

Ya buga shi kaɗai na ɗan lokaci, ya ajiye pad ya ce, "Ɗanlami, gem ɗin nan ba shi da laifi." Ɗanlami ya ji daɗi, a zatonsa musu ya ƙare.

Na san ajali ba ya jira. Tun safe ake gaya mini, ni ma na gaya wa wasu. Ko da mun kai shi asibiti a satin farko, in kwana ya ƙare ya ƙare. Na yarda da wannan har zuciyata. Amma da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi mini nauyi yau.

Hoton huɗu da neman nan yana nan a shafina, da yawanku kun gani, har kun yi dariya. Ni na rubuta a ƙasansa, "Ba gem ba ne, hannu ne." Na shiga zan goge sau uku na kasa, domin a ƙasa akwai amsarsa, kuma ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini.

"Ka ci daɗinka ƙanena. Allah ya kai mu Asabar."

Ina so in ce masa ya yafe mini. Ban san inda zan kai maganar ba.

Ya Allah ka jiƙan Bukar. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa biyu haƙuri, ka tsaya musu. Mu kuma da ya faɗa wa muka yi dariya, ka yafe mana.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. In ya taɓa ɓata maka, ka yafe masa.

Ɗanlami ya ce saitin da ya yi ran Litinin yana nan da sunansa, ya tambaye ni ko ya goge.

Na ce ya bar shi.