Abin da Malam ke sakawa a aljihu ranar Alhamis

Ni mutum ne mai zargi, kuma ba yau na fara ba. Tun ina yaro a ƙauyenmu da ke bayan Zakirai, in aka ce in kai abinci gona ta hanyar gabas, sai na tsaya ina tunanin me ake ɓoye mini a ta yamma. Innata takan ce, "Kai dai wannan idon naka zai ja maka." Ya ja mini kuwa, sai dai wani ya fi ni shan wahalarsa.

Da na gama karatu na samu aiki a wata jami'a, a ɗakin saba. Saba ita ce babbar kwamfutar da komai na makaranta yake kwance a cikinta: sunayen ɗalibai, rajistarsu, da makin jarrabawarsu tun daga shiga har fita. Ɗakin ba shi da taga, sanyin esi kamar cikin randa, na'urori na ta gurnani ba hutu. Aikinmu shi ne kada ta mutu. In ta mutu ranar rajista, kowa ya san sunanka da na ubanka. In tana lafiya, ba mai tuna kana duniya.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne, doguwa ce hularsa kullum, mutumin wani ƙauye gaba da Dawakin Tofa, ta wajen Watari. Malam muke ce masa. Shi ya karɓe ni ranar farko, ya dubi takalmina mai sheƙi ya ce, "Injiniya, cire wannan, rufi za ka shiga." Tun daga ranar Injiniya yake kirana, ban kuma taɓa sanin yabo ne ko tsiya ba.

Aikin mataki-mataki ne. Shekarun farko jan waya ne cikin rufi da gyara wa malamai kalmar sirrin da suka manta. Farfesa guda zai manta tasa sau uku a mako, kuma kai ne mai laifi. Daga nan a ba ka damar buɗe wa sababbin ma'aikata shafi, ka duba batura da janareta, ka sabunta manhaja. Sai can a sama akwai mai riƙe da babbar kalmar sirri, wadda ke buɗe komai har makin ɗalibai. Kujera ɗaya ce tal, Malam ne a kanta. Na yi shekara bakwai na kai matakin da ke ƙasa da ita, na tsaya cak. Ba zan ɓoye ba, ina kallon kujerar nan.

A gida kuwa ba wanda ya yarda aikina tsaron na'ura ne. Duk sallar da na je sai wani ya ja ni bayan danga. Kawuna ma ya taɓa cewa, "Ɗana, ɗan ƙanen naka ya faɗi darasi biyu. Ku da abin yake hannunku, ɗan taɓa masa mana." Na ce, "Kawu, ba a yi." Ya yi murmushi ya ce, "Ana yi, kai ne dai ba su saka ka a ciki ba." Maganar nan ta zauna mini. Na dawo aiki ina duban kowa da ita.

Sai na lura da abin Alhamis. Bayan la'asar Malam zai ce in je in duba man janareta, ko in kai takarda ofishin darakta. Kullum Alhamis, kullum aike. Rannan na yi kamar na tafi, na dawo na leƙa ta gilashin ƙofa. Na ga ya zare wani ɗan faifan ajiya daga jikin saba, bai fi tafin hannu ba, ya naɗe shi a hankici, ya zura a aljihun gefe. Ya fito da wani irinsa daga ɗaya aljihun ya jona. Faifan nan zai iya ɗauke makin makarantar gaba ɗaya.

Da ya fito na ce, "Malam, aljihu ya yi nauyi yau."

Ya ce, "Goro ne, Injiniya. Ko za ka ci?"

Goro! Ni za a yi wa goro? Ai shi ke nan, na shiga haɗa lissafi a kaina. Mutumin da bai taɓa tafiya hutu ya cika kwanakinsa ba. Mutumin da ba ya ba kowa babbar kalmar sirri, sai a ambulan rufaffe a ofishin darakta. Ga kuma babbar magana: 'yarsa ta fari tana karatu a jami'ar, saura mata shekara ɗaya ta shiga ajin ƙarshe, kuma makinta ba ya sauka. Na buɗe rajistar da saba ke rubutawa da kanta, wadda ke nuna wa ya shiga, wa ya canza me. Na kwashe mako biyu ina tonon ta. Ban ga an taɓa makin kowa ba. Mai hankali da ya tsaya nan. Ni sai na ce, lallai mutumin nan gwani ne, har sawunsa yake sharewa.

Wata Alhamis da damina na bi shi. Shi a tsohon babur ɗinsa, ni a nawa can baya, na rufe fuska da rawani kamar mai tsoron iska. Muka wuce Dawakin Tofa, muka sauka daga kwalta, muka shiga burtali tsakanin gonakin gero da dawa. Gida na bin gida, gona na bin gona, ba inda za ka tsaya ba a gan ka ba. Na ajiye babur a gindin wata ɗorawa na ƙarasa da ƙafa. Ta saman katanga na hango shi, ko riga bai cire ba, ya jingina tsani a jikin rumbu, ya hau, ya ɗaga murfin, ya zura hannu ya ɗauko wani gwangwanin madara. Ya saka abin a ciki ya mayar. Na ce a raina, to, mai gaskiya ba ya ɓoye kayan ofis a cikin hatsi.

Abin da ban yi ba shi ne in yi sallama in tambaye shi. Taku goma ne tsakanina da zaurensa. Na juya na hau babur, ina jin kaina kamar na kama ɓarawon shanu.

Ranar Litinin na rubuta wa darakta takarda. Na rubuta abin da na gani, na kuma ƙara da abin da ban gani ba. Na ambaci 'yarsa. Wallahi har yau in na tuna layin nan sai in ji kunya ta rufe ni. Na gaya wa kaina amana nake karewa, amma lokacin da nake sa hannu kujerar nan ce a idona.

Aka kafa kwamiti, aka dakatar da shi, aka karɓi makullinsa a gaban masinjoji. Kafin azahar labari ya gama makaranta cewa an kama mai sayar da maki. Ranar zama aka kira ni shaida. Malam ya shigo da wani tsohon fayil a hammata, ya gaishe da kowa, har ni. Shugaban kwamitin ya ce, "Malam, me kake fita da shi duk Alhamis?"

Ya ce, "Kwafin komai ne, ranka ya daɗe. Faifai biyu ne, ɗaya na nan, ɗaya na gida, ina musanya su duk mako. In kwafi yana ɗaki ɗaya da uwarsa, abin da ya ci uwar zai ci shi."

Ya buɗe fayil ɗin. Takardu ne da ya yi ta rubutawa shekara da shekaru yana roƙon a ba shi wurin ajiya a wani gini daban, ko a sama masa ajiya ta intanet. Kowacce da hatimin an karɓa, ba wadda aka amsa. Aka ce to me ya sa rumbu? Ya ce rumbun ƙasa ba zafi, ba laima, ba wayar lantarki, kuma ɓarawo hatsi zai nema, ba gwangwani ba. Wani a cikinsu ya yi dariya. Aka ce me ya sa bai gaya wa mataimakinsa ba? Ya dube ni ya ce, "Na san doka ta hana fita da shi. In an tashi kamawa, a kama mutum ɗaya. Shi yana da sauran tafiya a gaba."

Na sunkuyar da kai. Amma ka ji halin, ko a lokacin wani gefe na zuciyata cewa yake, dattijon nan ya iya tsara magana.

Kwamiti ya sa aka ɗauko takardun jarrabawar 'yarsa na hannu, aka gwada da abin da ke cikin saba, darasi bayan darasi. Ko maki ɗaya bai bambanta ba. Yarinya ƙoƙarinta ne kawai. Aka wanke shi daga sayar da maki, amma aka same shi da laifin fita da kayan makaranta ba izini. Aka ce ya dawo da faifan, aka mayar da shi sito yana ƙirga kujeru. Wankewar a takarda ta tsaya, a bakin mutane kuwa har gobe shi ne wanda aka kama. Bai yi wata uku ba ya ajiye aiki ya koma gona.

Aka ba ni kujerar. Aka ba ni ambulan ɗin, aka ba ni faifan biyu, na sa hannu na karɓa. Kwamiti ya rubuta cewa kada su sake fita daga ɗakin, ni kuma wa ya aike ni in karya dokar da na hau kanta na samu girma? Ina yin kwafin duk Alhamis yadda ya saba, in ajiye ɗaya a jikin saba, ɗaya a durowar da ke gefenta. Na rubuta takarda ɗaya ina neman wurin ajiya a waje, ba a amsa ba, na bar maganar.

Damina ta zagayo. Wata Asabar da la'asar ina gida ana shirin yin noma a gonar gyaɗa, hadari ya haɗo daga gabas. Maigadin makaranta ya kira ni a waya yana ihu. Tsawa ta faɗa kan dogon ƙarfen intanet, ta bi waya ta shiga ɗakin, batura suka kama da wuta. Kafin in iso an kashe wutar, amma ba abin da ya rage sai baƙin ƙarfe da warin roba. Na jawo durowar da sanda. Faifan ya narke ya manne da katako. A makon ne aka gama shigar da sakamakon 'yan ajin ƙarshe, ana shirin tura sunayensu bautar ƙasa.

Darakta ya ce, "Ina kwafi?" Na nuna masa durowar. Ya juya ya fita.

Washegari na hau babur. Hanyar na san ta, ai na taɓa bin ta. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne addu'ar da nake yi a hanya. Ni da na tona mutum don yana ɓoye-ɓoye, yanzu roƙon Allah nake ya sa ya yi wa kwamiti ƙarya, ya sa akwai faifai na uku a cikin rumbun. Ko na bara ne, ai ya rage mana hanya. Na ce mutum mai wayo irin Malam ba zai miƙa duka ba.

Wannan karon na yi sallama. Ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa, ya rame, ƙafarsa duk taɓo. Ya ce, "A'a, Injiniya ne? Marhabin." Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Muka gaisa, ya tambayi Innata, ya tambayi damina a wajenmu. Labarin gobarar ya riga ni isowa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Malam, don Allah, ko akwai wani abu da ya saura a wajenka?"

Sai ya tashi ya ce in biyo shi. Ya jingina tsani, ya hau a hankali, ya ɗauko gwangwanin, ya sauko ya miƙa mini. Na ji motsi a ciki. Na buɗe. Irin kuɓewa ne.

Ya ce, "Biyu ne, biyun na bayar. Kai ka sa hannu ka karɓa."

Na ce, "Malam, na cuce ka."

Ya ce, "Ni ai na gama nawa. Ka je sashe-sashe ka roƙi malamai takardunsu na hannu tun ba su jefar ba. Ka fara da 'yan ajin ƙarshe. Zai ci ka wajen shekara, kuma wasu ba za a samu ba. Tafiyar bautar ƙasa ta wannan karon dai ta wuce su."

Muka koma zaure. Sai ga 'yarsa ta fito da kwanon fura da ludayi, ta durƙusa ta ajiye a gabana ta gaishe ni. Daga yadda ta yi na gane bai taɓa gaya mata wanda ya rubuta takardar ba. Ta ce ta riga ta haɗa jakarta ta bautar ƙasa tun wancan makon, ƙawayenta na wasu makarantu duk sun ga sunayensu.

Ta ce, "Yaya, ku da abin yake hannunku, yaushe namu zai fito?"

Malam ya turo kwanon gabana ya ce mata, "Bar shi ya sha fura tukuna, daga nesa yake."