Saniyar Turba da Esin Baba

Esin ɗakin Baba ya mutu ne a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare a garinmu Isa ba ya son taka ƙasa. Tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ce, irin wadda ake fasa mata bango a cusa. Yayana ya kawo ta daga Sakkwato tare da janareta, shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye. Ƙararta kamar injin niƙa, amma ita ke hana bayan Baba gyambo, don mutumin da ba ya iya juya kansa, gumi ma ciwo ne a wurinsa.

Mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce kwamfiresa, wato zuciyar na'urar, ta ƙone, irinta kuma an daina yi. Sabuwa sai an sayo waya da bututu, a biya mai haɗawa, janaretan ma ba lalle ya ɗauke ta ba. Da ya faɗi kuɗin dariya na yi, don abin ya fi ƙarfin kuka. Yayana a lokacin shi ma da kyar yake ci da gidansa.

Inna tana da saniya a ƙauyen Turba, a hannun wata Bafulatana ƙawarta tun suna 'yan mata. Kiwo ta ba ta, irin na mutanenmu: saniya da abin da ta haifa na mai ita ne, nono kuwa na mai kiwo. Ni na matsa a sayar. Inna ta yafa mayafi ta hau mota, duk da hanyar ba lafiya. Ta dawo da la'asar, ba saniya, ba maganar saniya, sai ƙwaryar fura.

Na ce, "Inna, ina nagge?"

Ta ce, "Ɓarayi sun kore musu garke duka. Ita ɗai tar rage, don ranar tana gida da ɗan maraƙi. Nononta jikokin ƙawata ka sha. Na buɗe baki za ni magana, sai tam miƙo min hura. Ba ni iyawa, ɗiyata."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce to Baba fa? Ta sa aka ciro mataccen esin, ta jiƙa tsohon zane ta rataya a ramin bangon, ta yayyafa wa daɓe ruwan randa, ta ɗauko mafici ta zauna a gefen gadon.

Haka ta yi bazarar nan. In na karɓi maficin, ban daɗe ba za ta ƙwace, wai fifitata ta 'yan boko ce, ƙuda ma ba ta kora. Gyambon ya fito duk da haka, ƙarami, a ƙasan kafaɗa. Kullum ita ke wanke shi tana ba Baba haƙuri, shi kuwa yana binta da ido. Tausayinsu su biyun ya riƙa cina, har ban san wanda zan fi ji wa ba.

Baba ya ga ruwan farko, ya ga gero ya yi kai, sannan Allah ya karɓi abinsa. Saniyar tana Turba, ta sake haihuwa. Hannun Inna na dama kuwa tun daga bazarar nan bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Kowace safiya ni nake ɗaura mata kallabi.