Ɗingishin Ɗan Ga-ruwa

Shekarar da ƙungiyar ƙwallonmu ta unguwar Utaibiyya a Makka ta yi mana kaɗan, ina ɗan shekara ashirin da uku. Bayan an sauko daga Mina, duk wanda ya tafi aikin alhazai ya dawo unguwa, sai muka wayi gari mun kai mutum ashirin da huɗu a filin da ke gindin dutse, kowa yana son a sa shi. Wani dattijo mai kanti, wanda shi ne mai ƙwallon kuma shi ne alƙalin wasanmu, ya ce a raba mu biyu. Ni zan riƙe ɓangare ɗaya, ɗan kawuna ya riƙe ɗaya. Za a yi wasan gwaji Juma'a uku bayan la'asar, mu biyu muna gefe muna kallo, sannan mu zaɓi 'yan wasa bi da bi, ni ɗaya shi ɗaya.

Na ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai. Na sayi ɗan littafi ina rubuta wanda ya iya tare ƙwallo, wanda yake saurin haki, wanda yake tsoron a taka shi. Taubashin nawa kuwa ko alƙalami bai riƙe ba. Yana zaune a kan dutse yana cin gyaɗa yana yi mini dariya.

A cikin masu gwajin akwai wani ɗan ga-ruwa, baƙo a unguwar, wanda ya zo ta hanyar Sudan. An ce ya yi shekaru yana buga ƙwallo a can kafin ya tsallako teku. Na zuba masa ido tun Juma'ar farko. Minti goma da farawa ya dafe gwiwa ya zauna a ƙasa. Da ya tashi sai ɗingishi. Juma'a ta biyu ya zo da tsumma ɗaure a gwiwar, ƙwallo ta wuce ta gabansa yana kallonta. Ta uku ma haka.

Tausayinsa ya kama ni. Mutum ne da ƙafarsa ce abincinsa. Na je gida na roƙi mahaifiyata man zafin da take haɗawa, na kai masa har ɗakin da yake kwana.

"Ka riƙa shafawa safe da yamma," na ce masa. "Kuma ka haƙura da ƙwallo bana."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Yaya." Na ɗauka kunya ce irin ta baƙo.

Ranar zaɓe aka taru a gahawar bakin titi, wato wurin zaman shan shayi. Aka yi ƙuri'a, zaɓin farko ya faɗo kaina. Na ɗauki ɗan wani direba, haifaffen Makka, mai takalmin ƙwallo na gaske, wanda ya ci huɗu a wasannin gwaji. Muka yi ta ɗauka har aka kusa ƙarewa. Da saura mutum uku, ɗan kawuna ya yi hamma ya ce, "To, ba ni gurgun nan, ko ruwa ya riƙa kawo mana." Aka yi dariya. Ni har haushinsa na ji, don na ga bai kamata a yi wa mai ciwo ba'a ba.

Juma'ar da ta biyo baya muka kara. Ɗan ga-ruwa ya shigo fili ba tsumma, ba ɗingishi. Ƙwallon farko da ta zo masa ya tare ta da ƙirji, ya wuce 'yan bayana biyu kamar an kafa su, ya zuba ta a raga. Kafin a kira magariba ya ci uku, ya ba wani ya ci ta huɗu. Ɗan direban da na ɗauka kuwa, minti ashirin ya yi ya fara riƙe ƙugu. A wasan gwaji ana canja mutane a kai a kai, shi ya sa ban taɓa ganin gajiyarsa ba. Wannan kuskurena ne, na yarda. Amma ɗayan ba kuskure ba ne, cuta ce.

Da na shiga gida ina huci ina ba da labarin abin da ya faru, ƙanwata ta ce, "Wai ɗan ga-ruwan nan kake nufi? Ai kullum ina ganinsa yana hawa dutse da garwa biyu, har gudu yake yi."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambaye ni ne?"

Washegari na sami ɗan kawuna a gahawa, dattijo mai kanti yana gefensa.

"Kai ka sa shi ya yi ɗingishin ƙarya," na ce.

Ko musu bai yi ba. Ya ce, "Ya shek, idonka biyu, littafinka ɗaya. Ni me na ɓoye maka? Haba taubashi, wasa ne."

Na juya ga dattijon na ce, "Baba, a sake zaɓe. An yi gwajin ne don a ga gaskiyar kowa. In mutum zai ɓoye ƙafarsa, me muka zauna yi Juma'a uku a cikin rana?"

Ya shafa gemu, yana ƙoƙarin danne murmushi. "Ɗana, halas, shi ke nan, zaɓe ya wuce. Tsakaninku ne kai da taubashinka, ni ba na shiga."

Wannan magana ta fi ƙwallaye huɗun yi mini ciwo. Duk wanda na kai wa ƙara sai ya ce wasan taubasai ne. Kawuna da aka ba shi labari ya yi dariya har da tari. To ni na san wasan taubasai. A ɓoye maka takalmi a ƙofar gida, a kira ka bawa a gaban mutane, ka rama, a watse. Amma mutum goma sha ɗaya da na zaɓa ba taubasan kowa ba ne, su ma an cuce su. Mahaifiyata da ta zauna ta haɗa magani don ƙafar da lafiyarta ƙalau, ita da wa take wasa?

Bayan kwana biyu ɗan ga-ruwa ya tare ni a lungu, ya ajiye garwarsa.

"Yaya, ka yafe mini. Ɗan kawunka ne ya ce mini haka kuke yi tsakaninku, in ka gane dariya za ka yi. Ni baƙo ne, ban san wanda zan ƙi wa magana ba."

Na ce na yafe masa, kuma har zuciyata na faɗa. Shi an yi amfani da shi ne.

Mun buga da su sau shida a waccan shekara. Mun yi kunnen doki sau ɗaya, sauran duk sun cinye mu. Mutum uku daga cikin nawa suka daina zuwa fili, don ba mai son a riƙa lallasa shi kowace Juma'a. Da shekara ta zagayo aka ce za a sake gwaji da zaɓe, na ce a ba mai tsaron ragarmu riƙon ƙungiyar, ni na koma buga baya. Ni da ɗan kawuna mun ci gaba da gaisawa, mun yi bukukuwa tare, mun binne iyaye tare. Amma bai taɓa cewa ya yi laifi ba, ni ma ban taɓa yarda cewa wasa ne ba.